Ranar Da Na Yi Wa Kwamfuta Ragin Shuka

Na manta abubuwa da dama na zamanin da nake aikin gwamnati, har sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara manyan manoman ƙasarmu a ɗaki guda na koya musu karta ba. Ni da ko dara ban iya ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Katsina ba, ina malamin gona a wani ofishin bunƙasa noma a Funtua. Aikina yawon ƙauyuka a kan babur, daga Ƙarfi zuwa Dayi zuwa Kafur, ina koya wa mutane yadda za su yi da sabon irin masara. Cikin duk abin da nake koyarwa, babu wanda na ƙware a kai kamar ragin shuka. In masara ta tsiro huɗu ko biyar a rami ɗaya, sai ka durƙusa ka cire ƙananan nan marasa ƙarfi, ka bar manya biyu su sha taki su sake. Na faɗi wannan magana har ta zame mini waƙa. Ko a barci aka tashe ni, abin da zan fara cewa ke nan: a cire ƙanana, a bar manya.

Sai aka kawo wa ofishinmu kwamfuta. (A lokacin "inji mai ƙwaƙwalwa" muke ce mata, kuma da ladabi muke faɗa.) Aka ware mata ɗaki nata ita kaɗai, aka shimfiɗa darduma, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, aka hana shiga da takalmi. Duk ofishin babu inda ke da sanyi sai nan, har ofishin Manaja fanka ce kawai. Wadda aka damƙa wa injin ita ce Malama Rifkatu, 'yar Malumfashi, wadda ta yi karatun abin a Zariya. Mace ce mai fara'a, amma in tana gaban injin nan ko gaisuwa da kai take amsawa.

Da aiki ya yi mata yawa, Manaja ya ce za a ba ta mataimaki daga cikinmu, kuma ni aka ce in fara gwadawa. Ba zan ɓoye muku ba, na so kujerar nan kamar raina. Shekaruna nawa rana tana dukan ƙeyata, babur ya maida mini baya kamar na tsoho, ga shi an ce in zauna a inuwa in danna maɓalli a biya ni. Har na fara sa hula mai aiki, ina ɗaura agogo. Matata ta lura ta ce, "Malam, wannan sabon ɗaukar wankan fa?" Na ce mata aikin ne ya canza.

Malama Rifkatu ta koya mini abin da ya sawwaƙa. In ka kunna injin, sai ya yi 'yan gunaguninsa, sannan ya fito da zaɓi a fuskar gilashin: danna ɗaya don rubutu, biyu don lissafi, uku don bugawa a takarda. Ta nuna mini kalmar da ake rubutawa a ga duk abin da ke cikin injin, kowane da sunansa da lambar da ke nuna girmansa. Ta kuma nuna mini kalmar gogewa, kuma a nan ne ta yi kuskuren rayuwarta.

Wata ranar Laraba injin ya fara ƙorafin cikinsa ya cika. Ta yi tsaki ta ce, "Ka ga mutanen da suka sayar mana da shi, sun ɗura masa tarkacen manhajoji tun daga can, rabinsu ba ma taɓa su. Injin ƙarami ne, ba ya ɗaukar kaya. In na dawo daga bikin ƙanwata zan zauna in rage masa."

Rage masa! Kalmar nan ta shiga kunnena ta zauna. Na ce a raina, yau ga aiki ya zo hannun mai shi. Ita ta yi karatun inji, amma ragi ai fannina ne. In ta dawo ta tarar na gama, wa zai ƙara yin maganar gwaji?

Washegari ta tafi Kafur biki. Na cire takalmi, na yi bisimilla, na zauna. Na kira jerin abin da ke ciki, suka zubo reras. Sunayen ba su gaya mini komai ba, gutsattsarin Turanci ne da ba su da kai ba su da gindi. Amma lambobin girman na gane su sarai. Ga wasu ƙosassu masu lamba doguwa, ga wasu 'yan firit da lambarsu ba ta wuce gida biyu ko uku ba. Na dube su da idon malamin gona, na ji tausayin manyan, an bar ƙanana sun cunkushe su.

Na fara daga mafi ƙanƙanta. Ina goge ɗaya ina jin daɗi kamar na cire ƙaya. Akwai wani guda da ya fi kowa girma, na yi masa alama a zuciyata, na ce wannan shi ne uban gayya, kowa ma ya tafi ban da shi. (Na lura duk yawan abin da na goge wurin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Mai hankali da nan zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na ce ai ko a gona ba ranar da aka yi ragi ake ganin amfaninsa ba.) Na gwada rubutu ya yi, na gwada lissafi ya yi. Na kashe injin, na lulluɓe shi da mayafinsa, na tafi gida ina fito.

Ranar Litinin Manaja ya gayyato manyan manoma su zo su ga injin. Dalili kuwa, magana ta bazu a kasuwanni cewa daga bana inji ne zai riƙa raba takin zamani, mutane kuma hankalinsu bai kwanta ba. Ya so su gani da idonsu cewa lissafi kawai yake yi, babu wata rufa-rufa. Ya kamata Malama Rifkatu ta dawo da safe, sai aka yi ruwa mai ƙarfi, motarsu ta maƙale a hanya. Manaja ya kira ni ya ce, "To, kai za ka nuna musu. Za ka iya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙaramin abu ne."

Baƙi suka cika ɗakin, takalma jibge a ƙofa. Akwai wani Alhaji daga Dayi mai gonakin auduga, wanda shi ne ya fi kowa zargin injin. Akwai Limamin wani ƙauye kusa da Kafur, da wani Fasto daga Malumfashi, dukansu manoma ne na gaske. Sai Sarkin Noman wata unguwar Maguzawa da ke bayan Ƙarfi, dattijo mai barkwanci da muka saba ƙwarai, wanda da shigowarsa ya ce a bar shi a nan ya kwana saboda sanyin.

Da na yi shiru na kunna injin kawai, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na yi lacca. Na gyara hula na ce, "Jama'a, wannan inji da kuke gani, da shi da gona duk ɗaya ne. Makon jiya ma cikinsa ya cunkushe, ni da hannuna na yi masa ragi irin wanda nake koya muku. Na cire ƙanana, na bar manya." Suka gyaɗa kai. Manaja ya ɗan kalle ni, don bai san da wannan labari ba, amma ya yi murmushi.

Na yaye mayafi, na kunna. Injin ya yi gunaguninsa. Na ɗaga yatsa ina jiran ɗaya, biyu, uku su fito.

Ba su fito ba. Gilashi baƙi ƙirin, sai wani ɗan ɗigo a kusurwa yana ƙyafta mini ido. Na danna ɗaya, ya rubuto wani gajeren Turanci mai nufin bai san zancen ba. Na danna biyu, ya maimaita. Na kashe na sake kunnawa, na ce wa baƙi yana ɗumama jiki ne. Duk sanyin ɗakin nan, gumi ya fara bin bayana.

Can dabara ta faɗo mini. Ai uban gayya yana nan! Tunda ya fi kowa girma, lalle shi ne ke riƙe da aikin duka. Na rubuta sunansa, na danna, na juya na ce, "Yanzu za ku ga aiki."

Injin ya saki wani ɗan kiɗa mai kama da na motar mai sayar da magani. Gilashin ya haskaka. Wasu 'yan akwatuna suka jeru a sama, wasu a ƙasa, kowanne da zane a jikinsa. Ni ban gane ba, har na buɗe baki zan ce waɗannan su ne gundumomi. Sarkin Noma ne ya matso, ya ƙura ido, ya ce, "Malam, wannan ai karta ce. Ga sarki can a gefe."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Fasto ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Na shiga danne-danne don in kore ta, ashe ban san yadda ake fita ba, duk abin da na taɓa sai injin ya raba mini wata sabuwa ya ƙara kiɗa. Sarkin Noma kuwa ya ja kujera ya zauna kusa da ni. "A'a, Malam, kar ka jefa wannan, za ta cinye ka. Jefa na ƙarshen can." Don ruɗewa, wallahi, sai na jefa.

A nan ne Alhajin Dayi ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya dubi Manaja ya ce, "Yallaɓai, dama abin da ake faɗa ke nan. Ashe da caca za a raba mana takin?"

Ban san wanda ya fara dariya ba, ina jin Fasto ne. Liman ya yi ta maza ya kasa, kafaɗunsa suna rawa. Manaja kaɗai ne bai yi ba. Ya zagayo a hankali, ya miƙa hannu bayan injin ya kashe shi, ya ce wa baƙi a fito a sha lemo. Ni ko kallona bai yi ba. Na zauna ni kaɗai a ɗakin, ina jin muryar Sarkin Noma a waje yana ba direbobi labari, yana cewa da an bar mu da mun ci.

Da la'asar Malama Rifkatu ta iso, ƙafarta duk taɓo. Ta kunna, ta duba, ta juyo ta dube ni. "Malam, me ka goge?"

Na ce, "Ƙananan."

"Waɗanne ƙananan?"

"Duka."

Ta dafe kai, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta yi mini bayani ba tare da faɗa ba. 'Yan firit ɗin nan su ne ke tashin injin da safe, su gaya masa inda komai yake, su fito da zaɓin da nake jira. Ranar da na goge su bai nuna ba ne don ya riga ya tashi. Ta ce, "Ka sallami mai gadi da masinja da mai riƙe da makulli, ka bar baƙon da ke cinye abincin gidan." Ta buɗe durowarta ta ɗauko faya-fayen asali, ta mayar da abin da na cire. Sannan ta goge kartar da wasu ƙattai biyu da ba a taɓa amfani da su ba, nan take ciki ya samu wuri. Kafin a tashi aiki, ɗaya, biyu, uku sun dawo.

Washegari Manaja ya miƙo mini makullin babur ya ce, "Gona tana kewarka." Aka ba wani kujerar. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kwanaki ba na bi ta ƙofar ɗakin nan. Sai da Manaja ya sake kiran taro, Malama Rifkatu ta nuna musu lissafin da kanta, kafin Alhajin Dayi ya yarda ya karɓi takinsa.

Amma in gaya muku gaskiya, komawata ƙauye ba ta zame mini hasara ba. Labarin ya riga ni isa ko'ina. Taron da a da nake samun mutum goma da ƙyar, sai ga shi gindin bishiya ba ya ɗaukar jama'a, kowa yana son ganin malamin da ya yi karta da inji. Suna zuwa don dariya, suna komawa da darasin masara. A haka na ƙarasa aikina har na yi ritaya, ina cikin mutanen da nake so, kuma ban taɓa nadama ba.

Abin da na koya shi ne, iya abu ɗaya da kyau yana sa mutum ya ɗauka ya iya komai, kuma kafin ka cire abu don ka raina girmansa, gara ka nemi wanda ya san aikin da yake yi. Manoman ma ba su bar ni na manta ba. Har shekarar da na ajiye aiki, duk inda na durƙusa a gonar gwaji na kama 'yar ƙaramar masara zan tuge, sai an samu wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ka dai tambayi Malama Rifkatu tukuna?"