Lambobin da na buga a katin gayyata

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da makon aurena ba. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ban daɗe da samun katin banki ba, ina ji da shi kamar ni na ƙera shi.

Da na je buga katin gayyata, sai dabara ta zo mini (irin dabarata da ba ta taɓa yi mini rana ba). Abokaina na nesa za su so ba da gudummawa, to me zai hana in sauƙaƙa musu? Na sa aka buga dogayen lambobin gaban katin bankin, da ranar ƙarewarsa, har da ukun nan na baya, kada a ce na yi rowa. Na raba a gari, na watsa a waya.

Ana jibi ɗaurin aure na je cire sadaki, na tarar asusun wayam. Na shiga wurin ma'aikaciyar bankin, na nuna mata gayyatar da alfaharina. Ta daɗe tana kallona.

"Mushe, wagga ba lambar kont, wato asusu, ba ta," in ji ta (Mushe ake ce wa malamin lakwal a wurinmu). "Lambobin farkon banki suka nunawa, sauran na katin na. Da su aka sayayya, ba a zuba kuɗɗi da su."

Ashe wani can wata ƙasa ya yi ta sayayya da albashina.

Innata ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Washegari ta sa aka kwance saniyarta guda ɗaya, wadda take shan nononta tun rasuwar babanmu, aka kai kasuwa don a samu kuɗin sadakin.

Ranar ɗaurin aure a Dumega, kawun amarya yana fifita da gayyatar tawa. Da aka miƙa sadaki, ya leƙo ta saman tabarau.

"Wanga shi na angon da ya raba ma duniya makullin ɗakinai?"

Aka yi dariya har da liman. Ni ma na yi, don ban san inda zan sa fuskata ba.

Na koyi darasi, yanzu ko matata ba ta san lambobin katina ba. Sai dai duk lokacin da na je gida, turken saniyar yana nan tsakar gida, Inna ta hana a tuge shi.