Ihun Masu Jan Igiya

"Lafiya lau, tsohon miji. Ina takalmina?"

Kaka na zaune a rumfarsa ta gyaran takalma, zare a baki. Jikarsa Barewa ce ta faɗo, gobe tana da tseren makarantu. Bara ita ta zo ta ƙarshe, kuma ko mutum ɗaya daga gida bai je ba. Abin yana cinta har yau, amma ba ta iya roƙo ba, sai tsokana.

"Ga shi, amarya. Kunkuru ma ya aiko a ɗinka masa irinsa, wai ku jera."

"Kai da tsallaka titi ke ɗaukarka wuni guda? Da ka zo ka yi mini hurre, sai dai haƙoran ba za su bari ba."

"Mece ce kuma hurre? Ba na faɗin abin da ban san kansa ba, kar in zagi uwar wani."

"Ihun murna ne na Turawa, in naka ya yi nasara."

"Daga ina suka samo shi?"

"Malamarmu ta ce ba a tabbatar ba. Wasu sun ce ma'aikatan jirgin ruwa ne ke yin irinsa in suna jan igiya."

Kaka ya cire zaren daga baki. "Suna ja, ko sun gama ja?"

"Suna ja."

"To, ashe kun lalata musu abu! Wa ke buƙatar ihu bayan kaya ya hau? Lokacin da hannu ya mutu ake so."

Barewa ta tuna zagayen ƙarshe na bara, filin ya ɗauka da sunan wasu, ita ko tari ba wanda ya yi mata.

"Wato ko ina baya za ka yi?" ta tambaya a hankali.

"Ina kuma za ki kasance? Ni dai kar ki ce mijinki ne in an tambaya."

"Zan ce maigadin filin ne ya zauce."

Kaka ya yi dariya har da tari, ya miƙo takalmin da sabuwar igiya ja a jiki.

"Kin ci. Ƙarfe nawa? Sai in kama hanya tun yau, tunda akwai titi."