Subiyar Da Na Bari Har "Subu"

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da bikin jikan Hajiya Babba ba. Har yau in na tuna sai wuyana ya ɗau zafi. Haushin kaina nake ji, ina kuma jin haushin Nafisa, Allah Ya ji ƙanta, don ita ta tunzura ni.

A shekarun sittin ne, ban daɗe a Makka ba. Ni da maigidana mun zo aikin Hajji daga Kano muka zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai. Hajiya Babba, wata dattijuwa Bahaushiya haifaffiyar Makka, ita ta ba mu ɗaki a gidanta na Misfala. Mutanen gidan Larabci suke zubawa, Hausa sai sun ga dama. Ni kuwa Larabcina bai wuce na salla ba, ga girman kai. Duk abin da aka faɗa mini ban gane ba, sai in gyaɗa kai in ce "na'am". Nafisa, autar Hajiya, sa'ata ce amma bakinta ya girme ni, ita ta laƙaba mini suna Na'am-Na'am. Yara suka ɗauka, har mai kawo mana ruwa ya ɗauka. Sunan nan ya tsaya mini a rai, na rantse sai na kankare shi.

Da aka zo rabon aikin biki, na ce zan dama kunun zaƙi. Nafisa ta kalle ni ta taɓe baki.

"Kunu? Ya ukhti, nan fa Makka ce. Larabawa za su zo. Subiya ake sha, ke kuma ina kika san ta?"

"Na san ta mana," in ji ni. "A bar mini."

(Sau ɗaya na taɓa kurɓar subiya a rayuwata, da azumi, shi ma rabin kofi.)

Subiya abin sha ce ta mutanen Hijaz, fara, mai sanyi da zaƙi. A lungunmu ba wadda ta kai Hala Zaina iya ta, wata tsohuwar Balarabiya da ba haƙori ko ɗaya a bakinta. Na saci jiki na je wurinta don kada Nafisa ta gani. Tsohuwar nan ta yi mini kirki. Ta baje kayan a faifai tana nunawa: sha'ir, busasshiyar gurasa, kirfa, 'ya'yan hel masu ƙamshi, zabibi, sukari. Ta kwatanta yadda zan daka sha'ir ɗin, in jiƙa komai a randa. Duk wannan na gane, tunda da hannu take magana. Sai ta zo kan na ƙarshe.

"Gaɗɗiha, halliha lis-subu. Fahimti?"

Ma'ana in rufe, in bar ta har "subu". To a Larabci safiya subuh ce, mako kuma usbu'u. Mu Hausawa ba ruwanmu da waɗannan haruffan na maƙogwaro, ita kuma tsohuwa ba haƙori. Kunnena ya tsaya tsakanin biyu. Na tuna saura mako guda biki, na ce ai ga shi ya yi daidai, mako take nufi. Me ya hana ni tambaya? Kalma ɗaya ce fa, "esh?", wato "me?" Amma in tsaya gaban Balarabiya in nuna ban gane ba? Na gyara zama na ce, "Na'am."

Na cika randa, na ɗaure bakinta da tsumma, na tura ta bayan ƙofa, a zafin Makka da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Ana tsakiyar mako ta fara wani gunaguni tana kumfa. Maigidana ya shaƙi iska ya ce, "Anya abin nan lafiya?" Na ce masa ya tsaya a dakon kayan alhazai da yake yi a Mina, ya bar mata da aikin mata. Na lasa na ji tsami, sai na ƙara mata sukari, na sake ɗaurewa. (Daga baya aka gaya mini wai abinci na ƙara mata. Ni da ban taɓa ganin giya ba ko a kwalba, ina zan sani?)

Ranar walima bayan Azahar tsakar gida ta cika da mata, Hausawa da Larabawa, ga turaren wuta ya turnuƙe, shi ya rufa mini asiri na ɗan lokaci. Na tace, na sa ƙanƙara, na ci ado, na ɗauko da kaina. Kofin farko na durƙusa na miƙa wa Hajiya Babba, matar da carbi ba ya barin hannunta. Ta yi bismilla ta shanye.

"Ta ɗan yi kaifi," in ji ta. "Ƙaro mini, 'yar nan."

Na ƙara mata, ina satar kallon Nafisa, ina jin kaina ya kusa taɓa rufi. Hajiya ta sha na uku. Jim kaɗan Hajiya ta ture mayafi ta ce zafi take ji. Sai ta ajiye carbi. Sai muka ji ta ɗauko wata tsohuwar waƙar daka da ta ce ta uwarta ce, tana kaɗa kafaɗa tana dariya, har tana jan wata Balarabiya wai ta tashi su taka.

Wata Dije, baƙuwa daga Jos, ta ɗauki kofi ta sansana, ta zabura.

"Innalillahi! Jama'a, wannan ai burkutu ce!"

Maimakon in yi shiru, sai na hau ta da faɗa. "Ke kuma ina kika san warinta?" Ta ce a bayan gidansu ake dafawa, kuma ba ita ta shayar da tsohuwa ba. Aka kira Hala Zaina. Ta leƙa randa, ta ja da baya tana toshe hanci, ta tambaya yaushe na jiƙa. Nafisa ce ta fassara mini, da ƙarfi, don kowa ya ji. Na ce mako guda, kamar yadda ta ce.

"Usbu'u?" Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Gultalik subuh! Subuh, ya binti!" Ta nuna gabas tana kwaikwayon kabbarar salla.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni, a Makka, inda ake jin kiran sallar Harami daga ɗakina, na dafa giya na shayar da mai gidana! Aka rufe ƙofar waje da sauri, don in warin ya kai hancin 'yan sanda, mu marasa takarda sai jirgin Jidda zuwa gida. Muka yi ta kwarara ta a masai ana ƙara turare, ni ina kuka ina zagin randa kamar ita ta yi laifin.

Washegari Hajiya ta tashi da ciwon kai, ta yi istigfari har muryarta ta dishe. Na je na durƙusa ina jiran ta ce mu kwashe kayanmu. Ta kalle ni ta ce, "Ba da sani kika yi ba, Allah Ya yafe mana. Amma ko ruwa kada ki sake miƙo mini."

Burina dai ya cika, daga ranar ba wanda ya sake ce mini Na'am-Na'am. Nafisa ta sauya mini da Subu. Shi ya bi ni har yau, jikokina Sitti Subu, wato Kaka Subu, suke kirana, suna zaton don ina tashi da asuba ne, ni kuma ban gyara musu ba. Yanzu ko gaishe ni Balarabe ya yi, sai na ce "esh?" sau biyu kafin in amsa.