Kunyar Suruki a Kan Dutsen Snowdon

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na bi mahaifin Rahinatu hawan dutse ba, ko da kuwa na so in manta. Har yau in abin ya faɗo mini, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a Birmingham, ina zaune a Selly Oak, a wani gidan haya na ɗalibai da ke bayan Bristol Road (mu biyar, banɗaki ɗaya, kada ma ka tambayi yadda safiya take). Zamanin nan ne da in za ka kira gida sai ka sayi kati a shago ka kankare bayansa da makulli. A jami'a na haɗu da Rahinatu, tana karatun haɗa magunguna. A Manchester aka haife ta, iyayenta Hausawan Gana ne, 'yan zangon Kumasi, suna zaune a Levenshulme. Ni dai na riga na mace a kanta, ita ma ta amince da ni. Abin da ya rage kawai shi ne mahaifinta, Alhaji Mumuni, ya ce "to". Kuma bai ce ba.

Sau ɗaya na taɓa zuwa gaishe shi. Na cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na tsuguna a falo kaina a ƙasa. Aka kawo mini shinkafa da wake irin tasu, da baƙin yaji da dafaffen ƙwai, ƙamshi har tsakiyar kaina, na haɗiye yawu na ce alhamdu lillahi a ƙoshe nake. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi karatu, ya tambayi mutan gida, shi ke nan. Aka kwashe watanni babu e babu a'a. Ga shi kuma na ji ƙishin-ƙishin cewa akwai ɗan wani amininsa na Kumasi da ya fara zarya gidan. Ko abinci na sa a gaba sai in ji ya fita raina.

Alhaji direban bas ne, ya doshi sittin, siriri kamar sanda. Tun da likitansa ya ce masa yana da ciwon suga ya kama tafiyar ƙafa. Daga zaga unguwa ya koma hawan tsaunuka duk ranar da ba ya aiki, har ta kai ba shi da zance sai na Kilimanjaro da yake shirin zuwa ya hau. To wata Laraba sai ga kiran Rahinatu.

"Daddy ya ce ka zo Saturday za ku hau Snowdon, ku biyu kawai. Ya ce a can sama za ku yi magana."

Na ce, "Shi Snowdon ɗin mene ne?"

"Dutse ne, a Wales. Don Allah, just be normal."

Ni fa iyakar hawan da na taɓa yi a duniya shi ne Dutsen Dala, mai matakala, shi ma sai da na zauna a tsakiya na huta. Amma ba tsayin dutsen ne ya tayar mini da hankali ba, maganar da za a yi a samansa ce. Na ruga shago na sayi kati na kira Gwaggo Asabe a Kano, yayar babana wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami.

"Ɗan nan, gwada ka zai yi," in ji ta. "Ka buɗe kunnenka da kyau. Ba a cin abinci a gaban suruki, ko ruwa ba a sha. Ba a shiga gabansa. In ya yi maka magana ka tsuguna. Kada ka je ƙasar mutane ka sa a ce ɗan gidanmu ba shi da ta ido."

"Gwaggo, dutse fa za mu hau."

"Ko sama za ku hau, suruki suruki ne."

Daga nan katin ya ƙare.

Ranar Juma'a na shiga jirgin ƙasa zuwa Manchester, na kwana a flat ɗin wani abokina a Whalley Range. Fargaba ta hana ni cin na dare, ta hana ni karyawa. Ana idar da sallar asuba Alhaji ya iso da motarsa. Ya kalli takalmina sau-ciki da na sha wahalar gogewa, ya buɗe but ɗin motar ya miƙo mini tsofaffin takalmansa na hawan dutse da rigar ruwa. (Ka ji fa, tun ba a je ko'ina ba na zura ƙafa a takalmin suruki. Babu wanda ya gaya mini hukuncin wannan.)

Muna fita daga gari ya nuna mini leda a kujerar baya. "Ga burodi da ƙwai nan, ga shayi a filas. Ka ci, tafiyar da nisa."

"Alhamdu lillahi Baba, na ƙoshi."

Ban rufe baki ba cikina ya yi wani ƙugi mai tsawo. Na yi tari don in rufe shi.

Farkon hawan kamar wasa. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ga tumaki suna kiwo, ga tsofaffin Turawa da karnukansu kowa yana cewa "morning". Har na fara cewa a raina, ashe wannan ne ake ta zuzutawa? Can sai hanyar ta miƙe tsaye. Duwatsu suka fara santsi, iska ta taso, ruwa yana zuwa ta gefe yana marin kunne. Na waiga sau ɗaya na hango wani tafki can ƙasa ya koma kamar kwanon sha, tun daga nan ban ƙara waigawa ba. Alhaji kuwa tafiya yake kamar zai je masallacin unguwa.

Matsalar ita ce mutumin yana son bayani. Ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya ya juyo ya nuna mini wani tsauni ya faɗi sunansa. Ni kuma da ya juyo sai in durƙushe in ce, "Haka ne Baba." Ya wuce, in miƙe. Ya juyo, in tsuguna. Wallahi motsa jikin da na yi a ranar ya ninka nasa. Cinyoyina suka fara rawa tun ba mu kai rabi ba.

Da muka zo wani matsattsen wuri da mutum ɗaya kawai ke iya wucewa, sai ya ja gefe ya ce, "Shiga gaba, in riƙa ganinka."

"A'a Baba, ku wuce."

"Na ce ka shiga gaba, wurin nan da santsi."

"Wane ni, Baba. Bismillah."

Muna wannan ja-in-ja Turawa suka taru a bayanmu suka yi layi, ruwa yana dukansu, babu mai cewa komai sai ɗan gyaran murya irin nasu. Daga ƙarshe Alhaji ya yi tsaki ya wuce.

A bayan wani ƙaton dutse da ya tare iska ya zauna ya ciro kula daga jakarsa. Yana buɗewa na gane ƙamshin, shinkafa da waken nan ce, har da soyayyen kifi. Ya turo ta gabana da cokali.

"Mamansu ce ta tashi tun kafin asuba ta dafa. Ta ce naka ne."

Allah Ya sani, a lokacin har idona ya kawo ruwa. Amma na tuna jarrabawa ce, kuma wannan ce babbar tambayar. Na sunkuyar da kai na ce, "An gode Baba, Allah Ya saka. Ban jin yunwa."

Ya mayar da murfin a hankali, ya tura kular jaka, ya ci ayaba ɗaya, ya miƙe. Daga nan bai ƙara nuna mini ko tsauni ɗaya ba. Shirun nan ya dame ni fiye da iskar. Ina biye da shi ina ta saƙe-saƙe: shirun yabo ne ko na fushi? Na tsuguna yadda ya kamata kuwa? Ko dai ɗan Kumasin nan ya riga ya gama da ni, kawai an kawo ni sama ne a sallame ni inda babu mai jin kukana?

Gajimare ya sauko ya lulluɓe mu, ba ka ganin abin da ya wuce tsawon ɗaki. Sai na tuna akwai biskit a aljihuna. Na rage tafiya har Alhaji ya ɓace a cikin farin nan, na juya baya, na ciro shi. Yatsuna sun ƙandare, leda ta ƙi yaguwa. Na sa haƙori kenan na ji muryarsa dab da ƙeyata, "Kai, ina ka tsaya?" Ban san lokacin da na cillar da biskit ɗin cikin kwazazzabo ba, kamar wanda aka kama da kayan sata.

Abin da ya biyo baya a dishi-dishi nake tuna shi. Gumi yana keto mini a cikin wannan sanyi, hannuna yana karkarwa, ƙafafuna kamar aron su na yi. Muka fito wani fili inda mutane suka tsaya suna hutawa, na ji wani yana cewa saura kaɗan a kai ƙololuwa. A nan Alhaji ya tsaya, ya juyo, ya cire tabarau ya goge.

"To," in ji shi. "Maganar Rahinatu."

Na tsuguna.

Ina kaiwa ƙasa jijiyoyin ƙafafuna biyu suka ɗaure lokaci guda, dutsen ya juya, jiri ya kwashe ni. Abin da aka ce na faɗa kafin in kife, da ƙarfi, a gaban suruki da Turawan Wales, shi ne, "Wayyo Inna!" (Ni ban ji ba. Amma Alhaji, wanda ya ba ni labarin, ba ya ƙarya.)

Da na buɗe ido, kaina yana kan cinyar Alhaji Mumuni. Wata tsohuwar Baturiya ta ɗaga ƙafafuna sama ta riƙe kamar za a canza wa jariri nafkin. Shi kuma ya matse mini kumatu da hannu ɗaya, yana cusa mini dabino da ɗan yatsa.

"Tauna! Tauna, don ubanka!"

Na tauna.

"Yaushe rabonka da abinci?"

"Jiya da rana, Baba."

"Azumi kake?"

"A'a."

"To me ya hana ka ci?"

Na rufe ido, don ba zan iya faɗa ina kallon cikin hancinsa ba. Na ce, "Kunya, Baba."

Ya ce, "Innalillahi," ya zaunar da ni, ya dangwara mini kular nan a cinya. Jama'a, ban san ina da wannan halin ba. Na ajiye cokali na sa hannu. Na cinye shinkafar, na tsotse ƙashin kifin, na bi da burodin safe da ya taho da shi a jaka, na shanye shayin filas har da ɗaga shi sama. Sai da na ga ina lasar murfin kula sannan hankalina ya dawo, na ɗago na ga mutum kusan goma sun kewaye ni suna kallo, tsohuwar nan tana cewa "good lad". Abincin ranar Alhaji ma ashe yana ciki, na haɗa na share.

Ba mu kai ƙololuwar ba. Mutumin da ke shirin Kilimanjaro ya juya saura ƙiris, ya rataya jakata a kan tasa, ya sa ni a gaba yana riƙe da wuyan rigata ta baya har muka sauko. Muka shiga mota muka kama hanya. Ni dai na riga na gama lissafi: na ci a gabansa, na shiga gabansa, na kwanta a cinyarsa, na kira uwata. Babu abin da ya rage. Tun daga Wales nake tsara yadda zan yi wa Rahinatu sallama.

Gab da magariba ya tsaya a ƙofar gidansu a Levenshulme, ya kashe mota, bai fita ba.

"Ka san abin da na juyo zan gaya maka a can sama?"

"A'a Baba."

"Cewa zan yi ka haƙura da ita."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ka zo gidana ka ƙi abincina. A mota ka ƙi. Matata ta hana kanta barci ta dafa maka, ka ƙi. Na daɗe a ƙasar nan, na ga masu karatu da suke ganin mu 'yan zango ba mu kai ba. Na ce to ga wani ya zo, yana son 'yata yana ƙyamar tukunyarmu. Mu ma a Kumasi muna da kunyar suruki, amma wallahi ban taɓa ganin wanda ya ɗauko ta ya hau dutse da ita ba." Ya girgiza kai, na ga gefen bakinsa yana motsi. "Sai kuma na ga abin da ka yi wa kular nan. Mai raini ba ya lasar murfi. Ka ce wa manyanka su zo."

Na yunƙura zan tsuguna a cikin mota, bel ɗin kujera ya riƙe ni.

"Kada ka soma," in ji shi. "Ba ni da sauran dabino. Sauko mu shiga, an gama tuwo."

Na shiga ina ɗingishi, aka zuba mana a kwano ɗaya ni da shi, na ci, kuma da aka ce a ƙaro ban ce a'a ba.

Abin da na koya dai ɗan kaɗan ne, amma na sha wuya kafin in same shi. In babba ya miƙo maka abinci, ka sa hannu biyu ka karɓa. Ci dai za ka ci ko ta yaya. Zaɓin da kake da shi kawai, ko ka ci a zaune da mutuncinka, ko a ɗura maka a kwance ƙafafunka suna sama.