Ranar Da Na Bi Jirgin Zariya Da Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Binta ba, ko da yake na roƙi Allah ya mantar da ni.

Yaran yanzu ba su san ƙaramin jirgin da ya taɓa bi daga Zariya zuwa Jos ba. Ni ne mai zuba masa kwal, marigayi Mamman, mahaifin Binta, shi ne direba. Hanyarsa siririya ce, tafiyarsa kuwa (ina faɗa da girmamawa) akuya mai ciki tana wuce shi. Mutum kan sauka ya sayi rake, ya yi alwala, ya tako a hankali ya cim masa. In ka makara, ka kira Mamman, ya tsaya. Jirgin bai yi tsawon rai ba aka tumɓuke ƙarafunansa, ciyawa ta rufe hanyar, ni kuma na koma gadi a unguwar Abakpa, Kaduna.

Da Mamman zai cika, ya kama hannuna ya ce ni ne waliyyin Binta. Ranar ta zo, muka hau jirgin Zariya a tashar Kaduna ta arewa da yayanta Sani, akawu a Unguwar Rimi. Sai na ga mai rake, na miƙe.

"Baba, zauna. An fa busa."

"Kai yaro, ina cikin jirgi tun uwarka ba ta yi wayo ba. Busar farko gaisuwa ce."

Na sauka, ina taya rake jirgi ya motsa. Na karɓi canjina, na tako irin takun da. Ya ƙara mai, na ƙara. Na tattare babbar riga na zura da gudu, hula ta yi nata wuri, na kife a kan tsakuwa. Daga nan ƙasa, gaban 'yan dako da masu talla, na ji bakina yana cewa, "Mamman, tsaya mana."

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Na bi motar kaya, na isa an shafa fatiha. Wani maƙwabci ya ba da auren. Binta ta durƙusa ta gaishe ni, ta dubi gwiwata.

"Ba komai, Baba. Ai shi ma Babanmu kullum a makare yake isowa gida."

Na miƙa mata raken, don shi kaɗai na kawo.

Abin da na koya (kuma kyauta na ba ku): jirgin da ke jiran mutum an binne direbansa. In an busa, tsoho ya zauna.