Gyatsar da Na Yi a Kunnen Kaka

Abubuwa da yawa na manta a zamana na Abuja, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida kakar matata a Kuje ba. Lokacin ba ta zama matata ba tukuna, neman aurenta nake yi, kuma saura ƙiris cikina ya wargaza min komai.

Bari in fara da cikin nawa, tunda shi ne gogan. Na kusa shekara ina fama da wata irin gyatsa. Ba irin wadda mutum ke yi bayan ya ƙoshi da tuwo ya ce alhamdu lillahi ba. Tawa idan ta fito, sai ka rantse an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a ɗaki an ja ƙofa. Ga kumburin ciki, ga ƙugi, ga zawo yau ya zo gobe ya ɗauke, ga wani zafi a ƙahon zuci idan na daɗe ban ci abinci ba. A Durumi nake zaune, ɗaki ɗaya, tuzuru. Ruwan 'yan ga-ruwa nake sha, ban taɓa tambayar inda suke ɗebo shi ba. Da safe shayi da madara da ƙwai, da rana shinkafa da wake, da yamma taliya da ƙwai, duk a tsaye kuma a gurguje.

Asibiti kuwa, ina! Da wane baki ƙato kamata zai zauna gaban likita ya ce gyatsa ce ta kawo shi? Sai na zama likitan kaina. Na sha kanwa, na sha citta, na tauna kanumfari har harshena ya daina jin ɗanɗano. Wani abokin aikina a shagon buga takardu ya ce basir ne, mai magani a tasha ya ce dattin ciki ne, kowanne na gwada nasa. Daga ƙarshe na koma sa takunkumi bayan duk garin an daina sawa. (Wanda bai taɓa yin irin gyatsata a cikin takunkumi ba, bai san yadda mutum ke hukunta kansa da kansa ba.)

A cikin wannan hali na haɗu da Hajara. Malamar firamare ce, ta kawo takardun jarrabawa a buga mata, na buga, zuciyata kuma ta bi ta. Idan na je zance, can nesa nake tsayawa, in duba inda iska ke kaɗawa in koma ɓangaren da za ta tafi da abin ba tare da ya bi ta kanta ba. Ashe hakan ya jawo min suna. Danginta suka riƙa cewa Hajara ta samu yaro mai kunya, ko matsowa kusa da ita ba ya yi. Ni kuwa lissafin iska nake.

Gidansu Gbagyi ne, manoman doya, mutanen kirki masu sauƙin kai. Amma kawunta, Baba Danladi, ya gaya min gaskiya tun farko. Ya ce su sun amince, sai dai Hajara marainiya ce, Kaka ce ta rene ta tun tana goye, don haka maganar Kaka ce ta ƙarshe. Idan ta ce e, a sa rana. Idan ta ce a'a, babu wanda zai iya tanƙwara ta.

Ana jibi zan je, Hajara ta kira ni a waya ta yi min bayani. "Kaka ba ta ji sosai. Sai ka durƙusa ka kai bakinka daidai kunnenta na dama, haka kowa ke gaida ta. Kuma don Allah ka cire takunkumin nan, za ta ce ƙyamarta kake yi."

Na ce to, babu damuwa. Ina ajiye wayar na ji gumi yana bin bayana.

Sai na tsara dabara. Na ce idan ban ci komai ba, babu abin da zai fito, don haka na tashi ranar ko shayi ban sha ba. Kafin motarmu ta karya kwanar Kuje, ƙahon zucina ya ɗauki wuta. Muna cikin gosulo na sayi dafaffen ƙwai biyu na haɗiye. Sannan wata hikimar ta sake zuwa min: in sha lemon kwalba mai sanyi, ya tattaro duk gyatsar da ke cikina in zubar da ita a hanya, in isa gidan fes. (Har yau idan na tuna, ina mamakin cewa ni ne na yi wannan tunanin, kuma na ji daɗin kaina a lokacin.) Na saya na shanye. Gyatsa ta farko na fitowa, wata mata a baya ta ce, "Oga direba, abeg ka sauke gilas, wani abu ya mutu a motar nan." Ni ma na toshe hanci na shiga waige-waige ana neman mai laifi da ni.

Ɗakin Kaka ƙarami ne, taga ɗaya, ita ma a rufe. Baba Danladi na zaune a kujera, gwaggonnin Hajara biyu suna kan tabarma, ita kuma Hajara tana laɓe a bakin ƙofa. Kaka na bakin gado, 'yar tsohuwa ƙarama mai idanu masu kaifi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne sabon mijin nawa? Me ya sa ya tsaya can? Matso, ni ba na cizo."

Aka yi dariya. Na matsa na durƙusa. Ta kama kafaɗata ta jawo ni, ta karkato min kunnenta. Na ja numfashi, na buɗe baki na ce, "Kaka, ina wu..."

Ban kai ƙarshen gaisuwar ba. Abin ya taso tun daga can ƙasa, na yi ƙoƙarin danne shi, ya ƙi. Doguwa ce, mai ƙara, har da ɗan karin waƙa a ƙarshe, kuma duk a cikin kunnen tsohuwar da aurena ke hannunta.

Sannan warin ya fara gaida mutane ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta farko ta ja mayafi ta rufe hanci kamar tana gyara shi. Ta biyu ta tashi ta tura tagar. Baba Danladi, Allah ya saka masa da alheri, ya leƙa ƙarƙashin gado ya ce, "Kazar nan ta sake yin ƙwai a ɗakin nan ta bari ya lalace." Babu wanda ya yarda, har shi kansa. Ban iya duban inda Hajara take ba. Na so in miƙe in gudu, ko takalmi ba zan tsaya ɗauka ba, amma Kaka ba ta saki kafaɗata ba. Ƙarar ba ta ji ba, sai dai hancinta lafiyarsa ƙalau.

Na jira ta ture ni. Sai na ga tana kallona, fuskarta ta canza, wasan ya ɓace. Ta ce kowa ya fita. Da muka rage mu biyu, ta saki kafaɗar ta riƙe hannuna.

"Tun yaushe ne?"

Na ɗaga murya na ce ya kusa shekara.

"Ciki yana zafi a nan?" Ta taɓa ƙahon zucinta. Na gyaɗa kai.

Sai ta ce, "Na san warin nan. Haka gyatsar baban su Danladi take. Shekara da shekaru yana shan kanwa, yana ce ba komai, ba komai. Ni ma ina masa dariya, ina ce ya je waje. Sai ya fara rama, kashinsa ya koma baƙi. Ranar da ya yi aman jini a gona, kafin a kai shi asibiti ya tafi." Ta share ido da bakin zane. "Na yi takaba da goyo a baya. Hajara ba za ta yi ba. Ka je likita ya duba ka, ka dawo ka gaya min. Kafin nan ba na ba ka, ba na hana ka."

Na shigo ɗakin ina tsoron a yi min dariya, sai ga tsohuwa tana kuka saboda ni. Kunyar ba ta tafi ba, amma wani abu ya danne ta, har na ji idona ya kawo ruwa. Tun da na bar gida na zo Abuja, babu wanda ya damu da cikina haka.

Hajara ta rako ni hanya har muka kusa tasha. Sannan ta ce, "Wato duk tsayuwar nesan nan ba kunya ba ce?" Na ce rabi kunya ce. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ranar Litinin da safe tare za mu je asibiti, don ba ta yarda zan je ni kaɗai ba.

Likitar da muka samu ko murmushi ba ta yi ba da na faɗi abin da ya kawo ni, wai kullum tana ganin irina. Ta ce irin wannan warin wata iska ce da ciki ke yi idan abinci yana narkewa, kuma ƙwai da wake da kabeji da nama da yawa suna ƙara ta. Wasu cikinsu ne ba ya ɗaukar madara. Wasu kuma abincin ne ke daɗewa a ciki, ko yana tasowa sama. Amma idan abin ya daɗe, ga zafi ga zawo, to dole a nemi ƙwayar cutar da ke kawo olsa, da kuma wadda ake sha a gurɓataccen ruwa. Ta ce rama ko baƙin bayan gida ko aman jini, waɗannan ba a kwana da su a gida. Da ta tambaye ni abin da nake ci da ruwan da nake sha, na lissafa mata, ta ajiye biro ta dube ni kawai. Aka ba ni 'yar kwalba in kawo bayan gida. (Na ratsa layin mutane da ita a aljihu, budurwata na biye da ni. Bayan abin da ya faru a Kuje, wannan bai dame ni ba.) Gwaji ya nuna baƙi biyu nake da su, ta olsar da ta ruwan. Aka ɗora ni a kan magani, aka raba ni da lemon kwalba da ƙwan gosulo, na koyi tafasa ruwa.

Da na warke na koma Kuje. Wannan karon tagar a buɗe na same ta, ban san ko don ni aka buɗe ba. Na durƙusa zan kai baki kunnenta, sai Kaka ta juyo da fuskarta ta ce, "Ba kunne ba. Hura min a nan." A gaban kawu da gwaggonni na buɗe baki na hura wa tsohuwa iska a hanci. Ta shinshina, ta yi jim kamar mai ɗanɗana miya, sannan ta shafa kaina ta ce, "Danladi, a sa rana. Wannan zai daɗe."

Kaka ta rasu bayan ta ga ɗiyarmu ta fari, wadda muka mayar wa sunanta. Har ta koma ga Allah, idan na je gaida ta sai ta fara tambayar cikina kafin ta tambayi jikarta. Ina kewarta ƙwarai.

Ni dai abin da na koya shi ne, idan cikinka yana da magana, ka kai shi ya faɗa wa likita tun da wuri. Idan ka ce za ka rufe masa baki da kanwa, shi zai zaɓi wurin da zai yi maganar, kuma nawa gidan surukai ya zaɓa.