Yadda Za Ka Canza Wa Motar Surukinka Ƙwaƙwalwa Bai Sani Ba

Jama'a, 'yata Lukuti ta fitar da haƙori! Na ƙasa ne, fari tas, ta ma cije ni da shi. To amma ba shi ya kawo ni ba. Kai da surukinka ya ba ka amanar mota ka kashe ta, share gumi ka zauna. Wannan hanya a gidana aka gwada ta, a kan mijina Baban Lukuti da tsohuwar jif ɗin Babana, kuma na ba ka tabbaci motar za ta tashi.

1. Kashe ta da kyakkyawar niyya

Babana zai yi tafiya, ya bar mana jif don kai yarinya riga-kafi. Abu ɗaya ya ce: "Kada a taɓa min inji." Kai kuma so kake ya dawo ya ga kai ɗan halak ne. To ɗaga bonet, jawo tiyo, ka wanke injin nan kamar kana wanke tukunya. Akwai wani ɗan akwati a gefe mai wayoyi da yawa. Shi za ka fi ba ruwa, don ya fi datti.

Baban Lukuti ya gama, ya goge hannu, ya murɗa makulli. Jif ta yi tari ta yi shiru.

2. Ɗora wa batir laifi

Batir ba ya musu. Ka cire shi, ka aro na maƙwabci, ka mayar masa, ka aro na wani maƙwabcin. Kada ka kira mai gyara sai layinku gaba ɗaya ya sani. Asiri ya fi ɓoyuwa idan mutane da yawa suka taru suka riƙe shi.

3. Kira mai wayarin, ka yi fuskar mara laifi

Mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya zo da 'yar na'urarsa, ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallo. Sannan ya zare akwatin nan ya girgiza. Ruwa ya ɗigo masa a takalmi.

Ya ce, "Maigida, ƙwaƙwalwa ta ƙone. Rafi kuka shiga da ita?"

Baban Lukuti ya ce, "Raɓa ce."

Mai wayarin ya kalli tiyon da ke kwance a ƙofar gida, ya ce, "Lallai raɓar unguwarku da ƙarfi take sauka."

Ni sai ranar na san mota tana da ƙwaƙwalwa. Ashe ita ke gaya wa inji mai nawa zai sha da lokacin da zai tashi. Na ce shi ya sa jif ɗin Baba take da taurin kai, a gida ta koya.

4. Nemo mai lamba iri ɗaya

Ba kowace ƙwaƙwalwa ke shiga kowace mota ba. Akwai lamba a jikin tsohuwar, dole sabuwar ta zo daidai da ita. Ka tafi kasuwar kayan gyara da tsohuwar a leda. Duk shagon da ka shiga za a ce maka, "Ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Baban Lukuti ya yarda da maganar, aka ɗaura, fitilu suka kama, goge-gilashi ya kama rawa, inji ko gezau. Sai da ya koma ya samo mai lamba daidai.

Idan surukinka ya bugo waya yana tambayar mota, ka ce tana hutawa. Ba ƙarya ka yi ba. Idan ya matsa, miƙa wa yarinya wayar. Lukuti ta iya "ba-ba-ba" yanzu, kuma wallahi kakanta take nufi, duk da mijina ya ce shi ne.

5. A gabatar da makulli

Sabuwar ƙwaƙwalwa baƙuwa ce, ba ta san kowa ba. Sai an cire kan batir, an ɗaura ta, an mayar, sannan mai wayarin ya gabatar mata da makulli ta na'urarsa. Makullin da ba a gabatar ba, ba ta kula shi ko gaisuwa.

Mai wayarin ya ce, "Makulli nawa motar take da su? A kawo duka."

A nan kada ka tsaya tunani, da za ka zuba ruwa ma ba ka tsaya ba. Baban Lukuti ya ce, "Wannan ne kawai." Aka murɗa, jif ta tashi, sautinta lafiya lau. Na yi tsalle da yarinya a baya har ta yi tumbuɗi.

6. Tarbi surukinka da fara'a

Baba ya dawo. Ya ɗauki jikarsa, ya duba haƙori, ya ce amaryarsa ta fara shirin cin nama. Sannan ya nufi mota. Mijina ya miƙa masa makulli hannu biyu.

Baba ya ce, "Bar shi, nawa yana aljihu."

Ya shiga ya murɗa nasa. Shiru. Ya sake. Wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ta ƙyafta masa ido. Ya fito, ya ce, "Kai, gwada naka." Mijina ya shiga yana salati a ciki. Bugu ɗaya ta tashi.

Baba ya kashe, ya sa nasa. Shiru. Ya sa na mijina. Ta tashi. Ya juyo a hankali.

"Ɗana, motar da na saya tun matarka tana rarrafe, yau kai ta sani, ni ba ta san ni ba?"

"Baba, wataƙila sabo ne."

"Sabo."

"E, Baba. Mun ɗan shaƙu."

Baba ya ɗaga bonet. Inji yana ƙyalli, sabon akwati ya fi shi ƙyalli. Ya rufe.

7. Karɓi sabon matsayinka

Mijina ya ce a kira mai wayarin yanzu ya gabatar da makullin Baba, aikin ba wuya. Baba ya ce a'a, shi ba ya raba masoya. Ya zagaya ya zauna a kujerar baya, ya gyara hula.

"Tunda kai take ji, kai za ka riƙa ja. Mu fara da gidan ƙanwata."

Yanzu kullum da safe Baban Lukuti yana ƙofar gidan Baba kafin ya wuce aiki, ya dawo da yamma, Asabar da Lahadi kuwa wuni. Ni da yarinya muna bin sa, Mama ta karɓe ta, ni in yi barci. Ban taɓa hutawa haka ba tun da na haihu.

A kula

Duk abin da ya same ka bayan bin wannan hanya, babu hannuna, hannuna yana riƙe da yarinya. Ni ba bakanike ba ce, ba ni na jawo tiyo ba, kuma ban san halin naka surukin ba. Idan kuma Baba ne aka karanta wa wannan, wata jif ake nufi, ta wasu mutane.